Zauren Fasaha: Wa ke riƙe da rariyar wayarka?

Wasiƙun da suka shigo wannan watan daga Katsina da Daura kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya: abin da kafafen sada zumunta ke turo wa mutum ba tare da ya nema ba, da yadda zai tankaɗe shi. Mun zaɓi guda biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na buɗe Facebook ne don zumunci da sauraren karatun malamai, amma yanzu in na shiga sai bidiyon rawa da cacar bakin 'yan siyasa na mutanen da ban taɓa bi ba. Ƙanwata da ke aure a Funtuwa sai ta yi mako tana sa hotuna ban gani ba. Me ya jawo haka, kuma yaya zan gyara?
Daga wata malamar firamare, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Wayarki lafiyarta ƙalau. Duk lokacin da kika buɗe manhajar, akwai dubban rubuce-rubuce da bidiyoyi da za a iya nuna miki, alhali fuskar waya ɗaya ko biyu take ɗauka. Saboda haka akwai wani tsarin lissafi, wanda masu sana'ar ke kira algoridim, da ke ba kowanne maki kafin ya jera miki su. Abin da yake ƙiyastawa shi ne: in na nuna mata wannan, za ta tsaya? Za ta yi sharhi? Za ta tura wa wani? Bai san me kike so a zuciya ba, abin da yatsanki ya yi kawai yake karantawa. In kin tsaya kina kallon bidiyon rawa cikin takaici har ya ƙare, a wurinsa kin kalla. In kin shiga ƙarƙashin rubutun wani kina yi masa nasiha, a wurinsa kin yi hulɗa, gobe sai ya ƙaro miki irinsa. Kamfanin TikTok da kansa ya bayyana a 2020 cewa kallon bidiyo har ƙarshe na cikin alamomin da yake ba nauyi sosai. Takardun cikin gida na Facebook da suka fita a 2021 kuma sun nuna cewa daga 2017 an taɓa ba alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, nauyin da ya ninka na "Like" sau biyar, kafin daga baya a sauke na fushin. Hoton ƙanwarki da jaririnta ba ya tayar da ƙura, shi ya sa yake nutsewa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Ki shiga saitin Facebook ki nemi "Favourites", ki sa ƙanwarki da sauran waɗanda ba ki son abinsu ya wuce ki. Yana ɗaukar mutum ko shafi 30. Sannan a jerin menu akwai "Feeds", wanda aka ƙara a 2022, inda abubuwa ke zuwa bi da bi gwargwadon lokacin da aka sa su, kuma daga waɗanda kike bi kaɗai. Ki mai da nan ƙofar shigarki. Wanda ya dame ki na ɗan lokaci, kamar ɗan uwa a kakar siyasa, ki taɓa ɗigo ukun da ke saman rubutunsa ki zaɓi "Snooze", zai ɓace miki kwana 30 ba tare da ya sani ba. Wanda ya dame ki har kullum amma kina jin nauyin cire shi, "Unfollow" ya wadatar, abotar tana nan. A kan bidiyon baƙi kuwa, ki danna "Not interested" ki wuce nan take, kada ki yi sharhi ko da na Allah wadai ne. Ki jure wa hakan kamar mako biyu, domin tsarin yana da tarihinki na shekaru, danni ɗaya ba ya goge shi. Abu na ƙarshe: in yara na ɗaukar wayarki su yi kallo da asusunki, to su ma suna koya wa tsarin, kuma ba ya bambance yatsanki da nasu.

TAMBAYA: Mu huɗu ne, mun gama karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Muna son kafa kamfani da zai yi manhajar da za ta tattaro wa Bahaushe abin da ke Facebook, TikTok, X da WhatsApp ɗinsa wuri ɗaya, ta tace shirme, ta jera masa abin da ya dace da shi. Ta ina za mu fara?
Daga wasu matasa, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Madalla da wannan niyya, samari, Allah ya yi jagora. Buƙatar gaskiya ce, wasiƙar Malama da ke sama ma shaida ce. Amma manhajar a yadda kuka siffanta ta ba za ta ginu ba, kuma gara ku ji haka tun ba ku kashe kuɗin iyayenku ba.

Dalili shi ne ƙofa. Manhajar waje tana ɗebo bayanai daga wata kafa ne ta ƙofar da mai kafar ya buɗe, wadda ake kira API. Facebook ba ya bai wa manhajojin waje jerin abin da ke fito wa mutum, ya kuma ƙara tsuke ƙofofinsa bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook ba da izninsu ba, a 2018. WhatsApp ya kulle saƙonni daga waya zuwa waya tun 2016, babu mai karantawa a tsakani. Twitter, wato X na yanzu, wanda ya fi kowa sakin hannu a da, ya toshe manhajojin waje irin su Tweetbot da Twitterrific a Janairun 2023, ya kuma sa wa ƙofar farashi: ƙaramin mataki a lokacin dala 100 ne a wata don karanta rubutu 10,000. Ku buga lissafi. Mutum ɗaya mai karanta rubutu 100 a rana zai cinye 3,000 a wata, wato kwastoma uku da ɗoriya sun ƙarar da kason. A shekarar dai dandalin tattaunawa na Reddit ya sa nasa farashin, manhajar Apollo da ake karanta Reddit da ita ta rufe a ƙarshen watan Yuni bayan mai ita ya ce kuɗin zai kai kusan dala miliyan 20 a shekara. Masu cewa za su bi ta katanga su kwaso da dabara ma an ga ƙarshensu: a 2021 Facebook ya kori Louis Barclay, ɗan Birtaniya da ya yi ƙaramin kayan aiki mai suna Unfollow Everything, ya haɗa masa da takardar lauya. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma ba kamfanonin ne kaɗai ke rufe ƙofa ba. Kun tuna gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Shawararmu ita ce ku gina a kan ƙofofin da suke a buɗe, ku kuma ƙuntata burin. Gidajen labarai da dama masu sashen Hausa suna fitar da RSS, wato jerin sabbin labaransu da kowace manhaja ke iya ɗebowa. Kowace tashar YouTube tana da nata RSS, kuma ƙofar YouTube tana ba da maki 10,000 kyauta a rana; bincike ɗaya yana cin 100, amma karanta jerin bidiyon tashar da kuka riga kuka sani yana cin 1, don haka ku tara jerin tashoshi da hannu, ku daina bincike. Telegram yana barin a yi bot, wato asusu mai aiki da kansa, kyauta. Bluesky kuwa, wata kafa mai kama da X, tun 2023 ya ba kowa damar rubuta nasa tsarin jerawa mutane su zaɓa, wuri ne mai kyau na gwaji ko da Hausawa ba su yi yawa a can ba tukuna.

Injin kansa gaɓa biyar ne. Akwai mai ɗebowa, wanda zai zagaya kafofin duk minti 10 ko 15. Akwai mai wankewa, wanda zai daidaita rubutu ya kuma cire maimaici, domin labari ɗaya sai shafuka ashirin su kwafa da ɗan sauyin kanu. Akwai mai rarrabewa, wanda zai ce wannan tsaro ne, wannan noma, wannan farashi, wannan karatun addini, wannan talla. Akwai mai jerawa. Sai kuma kunne, wato inda mai amfani zai ce "ƙaro irin wannan" ko "rage".

Mai rarrabewa shi ne jarinku, kuma shi ne abin da kamfanin Amurka ba zai yi muku gasa a kai da sauƙi ba. Ku tara rubutu 5,000 na Hausar da ake rubutawa a waya, da gajerce-gajercenta da Turancin da ke cakuɗe a ciki. Kowane rubutu mutum uku su yi masa alama ba tare da sun ga na juna ba. Inda biyu suka saɓa da ɗaya a bi rinjaye, inda ukun suka rabu a zauna a gyara ƙa'idar, domin yawanci ƙa'idar ce ba ta fito sarai ba. Ku koyar da injin da 4,000, ku daidaita da 500, ku ɓoye 500 don jarrabawa. Waɗannan 500 na ƙarshe su kasance mafi sabunta, domin in kun cakuɗa su ba tsari, kwafin labari ɗaya zai faɗa ɓangarorin biyu, injin ya ci jarrabawar da ya riga ya ga amsarta, ku kuma ku yi murnar banza. Ku fara da hanya mai arha, wato ƙirga gutsattsarin haruffa uku zuwa biyar, wadda ƙaramar kwamfutar cinya ke iya koyarwa cikin mintuna kuma tana jure kuskuren rubutu. Sai kun ga iyakarta sannan ku hau manyan samfura irin su AfroXLMR, wanda aka horar da harsunan Afirka har da Hausa. Ku kuma duba NaijaSenti, tarin rubutun Twitter na Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin Buroka da aka yi wa alama, wanda masana da suka haɗa da na Jami'ar Bayero suka fitar a 2022.

A wajen jerawa, ku ninka abu uku: dacewar batun da mutumin, amincin kafar, da sabuntar labarin. Sabunta ba ɗaya ba ce ga kowane batu. Labarin hanyar Jibiya ya kamata makinsa ya ragu da rabi cikin awa shida, farashin masara cikin kwana ɗaya, karatun fiƙihu kuwa ko bayan wata bai tsufa ba. Sabon mai shiga ba ku da tarihinsa, sai ku tambaye shi ƙaramar hukumarsa da batutuwa uku zuwa biyar. Kada ku auna nasararku da tsawon lokacin da mutum ya ɓata a ciki, in kun yi haka kun sake gina abin da kuka fito gyarawa. Ku auna da ko ya dawo bayan kwana 7 da bayan kwana 30.

Batun kuɗi: hayar saba, wato babbar kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, da dala ake biya, kwastomanku kuma da naira yake samu, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Talaka ba zai biya don a tace masa abin da yake samu kyauta ba. Mai biya shi ne wanda lokacinsa kuɗi ne: ɗakin labaran gidan rediyo, dillalin hatsi ko na dabbobi mai bin kasuwannin Mai'aduwa da Charanchi, ƙungiya mai bibiyar jita-jitar rigakafi. Ku sami irin waɗannan guda goma, ku riƙa tura musu taƙaitaccen rahoto da hannu kowace safiya na wata ɗaya kafin ku rubuta layin manhaja ko ɗaya. In babu wanda ya yarda ya biya a ƙarshen watan, kun sami amsa da arha.

Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin kamfani, domin Dokar Sabbin Kamfanonin Fasaha ta 2022 tana ba da shaidarta ne ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba kuma 'yan Najeriya ke da aƙalla kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa. Sannan ku karanta Dokar Kare Bayanai ta 2023 da kyau. Ta sa addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da lafiya cikin bayanai masu hatsari, ku kuwa daga malaman da mutum yake saurare kaɗai injinku zai gane aƙidarsa ko bai faɗa ba. Irin wannan bayani a bar shi a wayar mai shi, kada a kwashe shi zuwa saba. In an yi muku kutse mai iya cutar da mutane, awa 72 doka ta ba ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC.

TAMBAYA: Na toshe kalmar "kashe" da "daji" a X saboda hotunan gawarwaki suna hana ni barci. Hotunan ba su daina zuwa ba, sai ma sanarwar wutar lantarki da ta asibiti na daina gani. Ina kuskuren?
Daga wani ma'aikacin jinya, Daura.

AMSA: Allah ya ba ka lafiya da natsuwa, Malam. Toshe kalma kamar rariya ce mai ido ɗaya, ba ta san ma'ana ba, siffar haruffa take kamawa. A Hausa ana kashe mutum, ana kashe wuta, ana kashe kuɗi, ana kashe aure, ana kashe ƙishirwa. Daji ma akwai na ɓarayi akwai ciwon daji, wanda ya shafi aikinka. Ga matsalar ƙugiya: yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ta, sai baki da baƙi su zama ɗaya. Bakatsine kuma sau da yawa yadda yake furtawa yake rubutawa, tahiya da hwaɗa da ɗiya, wani ya gajarce ya rubuta "ykk" da "ngd". Shi kuma hoton gawa galibi ba ya zuwa da kalmar "kashe" sam. "Innalillahi" kaɗai ake rubutawa a samansa, wadda ba za ka so ka toshe ba don kada rasuwar ɗan uwa ta wuce ka.

Ka cire kalmomin guda-guda ka sa jimloli: "an kashe mutum", "sun kashe mutane", "ɓarayin daji" da "barayin daji" duka biyun, "gawarwaki", "yan bindiga". X yana barin ka sa wa'adi na awa 24, kwana 7 ko kwana 30. Ka fara da kwana 7 ka ga abin da ka rasa. Amma maganin da ya fi shi ne na hoton kansa: a saiti ka kashe kunna bidiyo da kansa, ka bar gargaɗin da ke lulluɓe hotuna masu tayar da hankali a kunne, sannan ka danna "Mute" a kan asusun da suka saba sa irin waɗannan hotuna don ka daina ganinsu. Za ka tarar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran masu yaɗawa ne.

Matasan da suka yi tambaya a sama su lura da wannan wasiƙa, su kuma riƙe wannan lissafin. A ce cikin rubutu 1,000 guda 50 ne munana, injin ya kama 45 daga ciki, amma ya yi kuskure a kan kashi 5 cikin ɗari na 950 masu kyau, wato kusan 48. To fiye da rabin abin da ya ɓoye ba shi da laifi, duk da a takarda ya yi kama da ƙwararre. Wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, ko ashar ɗin raha tsakanin abokai, duk injin da bai san al'ada ba zagi zai ɗauke su. Don haka kada a goge abin da aka tace. A ajiye tsakin a gefe inda mai waya zai iya dubawa ya ce wannan a dawo da shi.

TAMBAYA: An turo mini wata manhaja ta hanyar Xender, an ce tana tace batsa daga Facebook da WhatsApp ɗin yara. Da na buɗe sai ta nemi lambar sirrin Facebook. In sa?
Daga wani magidanci, kusa da rijiyar Kusugu, Daura.

AMSA: Kada ka sa, Alhaji, ka ma goge ta yau. Manhajar gaskiya ba ta karɓar lambar sirrinka a cikin nata akwatin. Tura ka take yi zuwa shafin Facebook na ainihi, a can a nuna maka iznin da take nema. Haka duk manhajar da ba daga Play Store ta zo ba kuma ta nemi iznin "Accessibility", to tana neman ikon karanta duk abin da ke fuskar wayar, har da lambar da banki ke turowa. In an riga an sa lambar a wata wayar gidan, a sauya ta yanzu, a fitar da duk na'urorin da ba a sani ba daga saitin tsaro, a kunna tabbaci mai mataki biyu. Irin su GB WhatsApp ma haka suke, kuma WhatsApp yana rufe lambar masu amfani da su.

Don yara, akwai Family Link na Google, kyauta ne, da shi za ka ƙayyade awannin waya da manhajojin da za a iya saukewa. TikTok yana da Family Pairing mai haɗa asusun yaro da na iyaye, YouTube yana da Restricted Mode mai ɓoye bidiyon da bai dace da yara ba. WhatsApp kuwa ba ya tacuwa daga waje. Abin da ke hannunka shi ne ka shiga saitin sirri ka hana kowa jefa yaron a guruf sai wanda ke cikin lambobinsa, ka kuma kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Dokokin kafafen da kansu ba su yarda yaron da bai kai shekara 13 ya buɗe asusu shi kaɗai ba.

TAMBAYA: In kowa ya tace ya bar abin da ransa ke so kaɗai, ba za mu wayi gari kowa na jin muryar ɓangarensa kawai ba? Ina ganin haka tsakanin ɗalibaina a kan aƙida da siyasa.
Daga wani malamin Islamiyya, Rafin Daɗi, Katsina.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, damuwarka a wurinta take. Sai dai tacewar tana nan ko mutum ya so ko ya ƙi; in bai riƙe rariyar da hannunsa ba, kamfani mai sayar da talla ne ke riƙe da ita. Abin da ya kamata a ƙi tacewa abu biyu ne. Na farko labarin da ya shafi rai da lafiya a yankin mutum, ko daga bakin wa ya fito. Na biyu hujjar wanda ake saɓani da shi in ya kawo ta cikin ladabi. Abin tacewa shi ne zagi, batsa, hoton gawa da damfara, kuma waɗannan kowane ɓangare yana da nasa.

Ga masu gina manhaja, wannan yana nufin a ware gurbi ɗaya cikin kowane goma ga abin da ba na layin mutumin ba, daga kafa mai aminci, a kuma rubuta a ƙarƙashin kowane abu dalilin nuna shi, kamar "saboda ka zaɓi noma" ko "saboda kana Batsari". Ga ɗalibanka kuwa, ka ba su aiki mai sauƙi: kowa ya zaɓi mutum biyar masu natsuwa da ba ya tare da su a ra'ayi, ya sa su a jerin da zai leƙa sau ɗaya a mako. Saƙon WhatsApp mai kibiya biyu a samansa alama ce ta cewa ya bi ta hannu da yawa, kuma tun 2020 guruf ko mutum ɗaya kawai ake iya tura wa irinsa a lokaci guda. In irin wannan saƙo ya zo da labarin hari a wani ƙauye, kafin a tura a duba ko akwai sunan gari da rana a ciki, a saka hoton a Google Lens a ga ko tsoho ne ko na wata ƙasa, sannan a kira wani mazaunin garin a waya.